Harshe da Mutuncin Ɗalibi a Kafofin Sada Zumunta na Zamani

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, hanyoyin da Bahaushe yake bi wajen isar da saƙo suka shiga sauyawa cikin gaggawa. An samar da Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, daga baya kuma TikTok da makamantansa suka biyo baya. A yau da wuya a sami aji a kwaleji wanda ba shi da zaurensa na WhatsApp, inda ake sanar da lokacin lacca da ɗakin jarrabawa, ake kuma taɓa hira da musu. Wannan darasi zai dubi matsayin maganar da ɗalibi yake yi a waɗannan kafofi ta fuskar harshe da al'ada, da kuma irin tasirin da take yi ga sunansa, musamman ganin cewa ɗalibin kwalejin ilimi malamin gobe ne.

2.0 Suna da Mutunci a Tunanin Bahaushe

A nazarinsa mai suna Mutumin Kirki (1974), Kirk-Greene ya kawo siffofi goma da Bahaushe yake auna nagartar mutum da su, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Idan aka lura da kyau, za a ga cewa mafi yawan waɗannan siffofi a harshe ake gane su. Mai gaskiya a furucinsa ake saninsa, mai amana shi ne wanda ba ya fallasa asirin da aka ba shi, mai kunya kuwa akwai kalmomin da ba sa fitowa daga bakinsa ko da ransa ya ɓaci.

Ita kanta Hausa ta nuna yadda take kallon al'amarin. Akan ce wane ya yi suna, ko ya ɓata sunansa, amma game da mutunci sai a ce ya zubar da shi, tamkar dai ruwa ne wanda in ya zube ba ya kwasuwa. A da, idan za a ba mutum aure ko amanar dukiya, maƙwabta da liman da mai unguwa ake tambaya. Har yanzu ana tambayarsu, sai dai an sami ƙarin wani mai ba da shaida wanda ba ya mantuwa kuma ba ya yin kara, shi ne shafin da mutum ya buɗe da hannunsa.

3.0 Magana ce ko Rubutu?

Masana harshe sun bambanta magana da rubutu ta fuskoki da dama. Magana tana da lokaci da wuri da masu sauraro sanannu, tana tafe da karin murya da yanayin fuska da motsin hannu, kuma da zarar an furta ta sai ta bi iska, abin da ya rage kawai shi ne abin da masu ji suka riƙe. Rubutu kuwa yana daɗewa, yana isa inda mai shi bai je ba, wanda ba a nufa da shi ba ma yana iya karanta shi. Saboda haka ne mai rubuta wasiƙa yake natsuwa ya zaɓi kalmomi, mai hira a dandali kuwa ya saki baki.

Matsalar kafofin sada zumunta ita ce sun haɗa siffofin nan biyu ta hanyar da ke ruɗar mai amfani da su. Ɗalibi yana rubutu ne da saurin magana da zafin magana, yana jin kamar hira yake yi da abokansa biyar a gindin bishiya, alhali abin da ya fita daga wayarsa yana da tsawon ran rubutu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To, wannan bunun ba ma kawai ba ya komawa ba ne, a'a, wani yana iya ɗaukar hotonsa ya ajiye. Goge saƙo ba ya goge hoton da wani ya riga ya ɗauka daga allon wayarsa. Saƙon murya ma, duk da cewa magana ce, ya zama abin ajiyewa da turawa.

Wani abin da ke salwanta a rubutun waya shi ne mahallin magana. Wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarabawa, al'ada ce mai ƙarfafa zumunci, domin masu yin sa sun san juna, sun kuma san iyakarsa. Idan aka ciro jimla guda daga irin wannan wasa aka ajiye ta a gaban wanda bai san al'adar ba, babu abin da zai gani sai cin zarafin ƙabila. Haka abin yake ga gatse, wanda karin murya ne kaɗai ke bambanta shi da magana ta haƙiƙa. Habaici kuwa, da yake ba ya kama suna, a zauren mutum ɗari yana iya samun mutum goma da kowannensu zai ɗauka da shi ake.

A nan akwai abin da ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum, ga shi kuma masu rubutu a waya da yawa suna watsi da haruffa masu ƙugiya. Wanda ya rubuta "baki" ba a san ko bakin magana yake nufi ba, ko launi, ko mutanen da suka zo daga wani gari. Wanda ya cire ƙugiyar "ƙashi" kuwa ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Haka nan haɗe "ta fi" ta koma "tafi" yana juya yabo ya zama kora. Mutum na iya yi wa injiniya uzuri a kan wannan, amma wanda yake neman takardar shaidar koyar da Hausa, kowace jimla da ya saka a shafinsa samfurin aikinsa ce.

4.0 Inda Maganar Take Ƙarewa

A watan Nuwamba na 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Dutse saboda wata gajeriyar jimla ta Hausa da ya rubuta a Twitter, wanda yanzu ake kira X, game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Ya yi rubutun ne tun watanni kafin a kama shi. An gurfanar da shi a kotu a Abuja, daga baya aka janye ƙarar bayan ƙorafin ƙungiyoyin ɗalibai da na kare haƙƙin ɗan'adam. A cikin watan dai, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka saka a TikTok game da gwamnan jihar na lokacin.

Ba a kawo waɗannan misalai don a nuna cewa hukuma ta yi daidai ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya sha suka, har Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa ya saɓa wa wannan 'yanci. A 2024 aka yi wa sashen gyara aka taƙaita shi. Ɗalibin da ba ya iya sukar abin da ya ga ba daidai ba ne, karatunsa bai amfane shi ba. Abin da ake so ya gane shi ne bambancin da ke tsakanin suka mai hujja, wadda zai iya tsayawa a kanta ko a gaban alƙali, da zargin da ba shi da shaida a kansa ko zagin da ba ya ƙara wa hujja komai.

Ba kullum ne abin yake kaiwa ga kotu ba, sau da yawa ƙofa ce take rufewa ba tare da an gaya wa mutum dalili ba. A 2017 Jami'ar Harvard ta Amurka ta janye gurbin karatun da ta ba aƙalla ɗalibai 10 saboda hotunan batsa da na izgili ga wasu jinsunan mutane da suka yi musaya a wani keɓaɓɓen zaure na Facebook. Zauren na sirri ne, amma bango yana da kunne. Tun daga 2019 kuma Amurka take buƙatar mafi yawan masu neman bizarta su rubuta sunayen shafukan da suka yi amfani da su cikin shekaru biyar da suka gabata.

5.0 Tura Saƙon Wani

Hausa tana da wata 'yar kalma mai muhimmanci, wato "wai". Idan mai magana ya ce wai an rufe makaranta, ya sanar da mai sauraro cewa ji ya yi, bai gani ba, kuma bai ɗauki alhakin labarin ba. Wanda ya danna ya tura saƙo bai ce wai ba. Saƙon yana isa ne ɗauke da sunansa da lambarsa, kuma mahaifiyarsa ko ƙanensa za su gaskata ne saboda shi, tun da shi ne ɗan makarantar gidan. Ko da yake WhatsApp ya fara sanya alama a kan saƙon da aka turo a 2018, ya kuma taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, alamar ba ta ɗauke wa mai turawa nauyi ba.

Binciken da BBC ta wallafa a 2018 game da rikicin Jihar Filato ya nuna girman wannan nauyi. Daga cikin abubuwan da aka yaɗa a Facebook a watan Yuni na shekarar a matsayin shaidar kashe-kashen da aka yi, akwai bidiyon da aka ɗauka a ƙasar Kongo Barazabil tun 2012. Jami'an 'yan sandan jihar sun danganta irin waɗannan hotuna da harin ramuwar gayya da ya ci rayukan matafiya. Yawancin waɗanda suka tura ba su ƙirƙiri komai ba, sun dai gani ne ransu ya ɓaci suka danna.

6.0 Malamin Gobe

Ɗalibin kwalejin ilimi yana fita aikin koyarwa na gwaji tun kafin ya kammala, kuma a makarantun sakandare na birni ba abin mamaki ba ne yara su nemo shafin sabon malaminsu tun a makon farko. Wanda suka ga bidiyonsa yana ashar da daddare, da wuya su saurare shi da safe yana koyar da ladubban gaisuwa. Sannan akwai amanar yaran su kansu. Ɗaukar hoton yaro a aji, ko hoton takardar jarrabawarsa mai cike da kurakurai, a saka don mutane su yi dariya, cin amana ne ko da ba a ambaci sunansa ba, domin 'yan unguwarsu za su gane shi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi neman yardar iyaye ko mariƙa kafin a yi amfani da bayanan yaro, Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya kuma, wadda aka kafa da dokar 1993, tana da ikon bincikar malami da cire sunansa daga rajista idan aka same shi da saɓa ƙa'idar aiki.

Shafin yana iya yi wa mai shi shaidar alheri kamar yadda yake iya yi masa ta sharri. Ɗalibin da ya saba saka karin magana da sharhinsu, ko kalmomin sana'o'in gargajiya da ya tattaro daga bakin tsofaffin garinsu, ko gajerun labarai cikin daidaitacciyar Hausa, yana tara abin da shugaban makaranta ko editan gidan rediyo zai iya dubawa kafin ya kira shi ganawa.

7.0 Aikin Nazari

Kowane ɗalibi ya zaɓo saƙonni biyar daga cikin waɗanda shi da kansa ya rubuta da Hausa a wata kafa cikin wata guda da ya wuce. Ya gyara su bisa ƙa'idojin rubutun Hausa, sannan ya bayyana, a shafi ɗaya, yadda ma'anar kowannensu za ta iya sauyawa idan wanda bai san shi ba kuma bai san dalilin rubutun ba ne ya karanta.