Yadda Ake Tsare Ruwan Sama a Gonar Gangare

Daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, ruwan shekara bai yi kaɗan ba, yakan kai kimanin milimita 1,000 tsakanin Mayu da Oktoba. Yadda yake zuwa ne abin damuwa. Ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kwashi taki da ƙasar sama ya juye a fadama, yashi ya binne rake, sannan a yi mako biyu ba ko yayyafi, masara tana nannaɗewa. Gyaran daga tudu yake, kuma da rani ake soma shi.

Da farko a fitar da layin da ruwa zai tsaya. A samo farin tiyo irin na magina mai tsawon mita 10, a cika shi da ruwa, a ɗaura bakunansa a jikin sanduna biyu masu alama a tsayi ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya riƙa matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya hau alama a sandunan duka. Nan za a kafa turke, a ci gaba har iyakar gona. Kada a yi awon nan da ido. Layin da ya karkace wuri guda yake tara ruwa, ranar da ya ɓalle kuwa an sami sabon kwari.

Sai a bi turakun da ɗan rami, a jera duwatsu tsayin santimita 25, manya a ƙasa, ƙanana su cike tsakani. Layi na gaba ya zo bayan taku 20, ko ƙasa da haka in gangaren ya yi tsanani. Da damina ta zauna a dasa jema ko gamba a jikin layin, tazarar santimita 15. Inda babu dutse, ciyawar kaɗai ta wadatar.

Wajen huɗa, kunya ta gitta gangare, kada ta bi shi. Duk taku uku a datse kwarin kunya da 'yar ƙasa wadda ba ta kai kunyar tsayi ba. In marka ta kama a Agusta a buɗe datsin, domin masara ba ta son kwanciyar ruwa. A kuma nemi irin masara na SAMMAZ mai jure fari na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Gona ɗaya ba ta iya tare ruwan tudu guda. Malam manomi, kafin ka ɗauki tiyo, ka sami maƙwabcinka na sama da mai unguwa, ku soma layin farko daga can ƙololuwa.