Ƙarin Garantin Mota: Darasi Daga Rayuwar 'Yan Tsaki

Gabatarwa

A ɗauka cewa wani malamin makarantar sakandare da ke zaune a Zabi, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, ya shekara biyar yana tari a ƙungiyar adashi ta ma'aikata har ya haɗa kuɗin mota. Ana cikin rubuta masa rasit sai dillalin ya ce, "Malam, in ka ƙara wani abu, za a tsawaita maka garanti na shekara biyu. Duk abin da ya lalace, mu ke da gyara." Kuɗin da ake nema ya kusa kai kuɗin makarantar 'ya'yansa na zango guda. Shin ya biya ko ya haƙura? Ilmin halittu da ilmin lissafi suna da abin faɗa a kan wannan tambaya.

Mene Ne Garanti?

Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera kaya yake yi, cewa idan kayan suka lalace saboda kuskuren ƙira cikin wani ƙayyadadden lokaci, zai gyara ko ya musanya ba tare da karɓar ko kwabo ba. Kamfanonin motoci da yawa sukan ba sabuwar mota garantin shekara 3 ko tafiyar kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Malamin da ke yin kilomita 40 a rana zai yi kilomita 43,800 ne kawai cikin shekara uku, saboda haka shekarun ne za su fara ƙare masa. Direban da ke zuwa Kaduna daga Zariya ya dawo kullum, wato kimanin kilomita 160, zai cinye nasa garantin cikin kwana 625.

Shi kuwa ƙarin garanti sayensa ake yi da kuɗi dabam, kuma sau da yawa dillali ne ko wani kamfani na gefe yake ɗaukar alkawarin. A haƙiƙa wani nau'in inshora ne a kan lalacewar inji. Kada a rikita shi da inshorar da doka ta wajabta wa kowane mai mota domin biyan ɓarnar da ya yi wa wani, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a watan Janairun 2023.

Matakai Uku Na Rayuwa

Duk mai kiwon kaji a Samaru, ko wanda ya taɓa sayen 'yan tsakin ShikaBrown da Cibiyar Binciken Dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar, ya san cewa mutuwa ta fi yawa a makon farko. A lokacin ne waɗanda aka ƙyanƙyashe da rauni suke faɗuwa. Waɗanda suka tsallake sukan shiga wani dogon lokaci na ƙoshin lafiya, inda ba a cika asara ba sai in annoba ta shigo ko wani tsautsayi ya auku. Daga bisani tsufa ya zo, ƙwai ya ragu, mutuwa ta sake yawaita.

Haka abin yake ga ɗan Adam. A shekarar 1825 wani masanin lissafin inshora a Ingila mai suna Benjamin Gompertz ya nuna cewa haɗarin mutuwar baligi yana ƙaruwa ne ta hanyar ninkawa. Ƙididdigar da aka yi bayansa ta nuna cewa daga wajen shekara 30, haɗarin yana ninkawa biyu kusan duk bayan shekara 8. A shekarar 1951 kuma wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Waloddi Weibull, ya wallafa tsarin lissafin da injiniyoyi suke amfani da shi har yau wajen auna tsawon rayuwar sassan inji.

Idan aka zana yawan lalacewar injuna a kan takardar jadawali, shekaru a kwance, lalacewa a tsaye, sai a sami siffa kamar ta ƙwarya da aka tsaga biyu: baki a sama ta hagu, gindi a ƙasa, baki a sama ta dama. Bakin hagu shi ne ƙuruciyar mota, lokacin da kuskuren ƙira yake bayyana. Gindin shi ne shekarun ƙarfi. Bakin dama shi ne tsufa, lokacin da ƙarafa suka cinye juna, robobi suka bushe.

Yanzu sai a duba inda kowane garanti ya faɗa. Garantin kamfani, wanda yake kyauta, ya rufe bakin hagu. Ƙarin garanti na sabuwar mota yakan fara ne daga inda na kamfani ya tsaya, wato a gindin ƙwarya, inda lalacewa ta fi ƙaranci. Kafin mota ta hau bakin dama, wa'adinsa ya ƙare.

Lissafin Riba Da Asara

Ga misali na ƙirƙira domin aji. A ce mutum 100 kowannensu ya biya Naira 150,000, kamfani ya tara Naira 15,000,000 ke nan. A ce cikin shekara biyu motoci 10 ne suka sami lalacewar da yarjejeniya ta amince da ita, kowace ta ci Naira 600,000. Kamfani ya kashe Naira 6,000,000. Idan aka raba wannan ga mutum 100, abin da ya koma wa kowane mutum a matsakaici Naira 60,000 ne. Ragowar Naira 9,000,000 ta tafi wajen la'adar dillalai, albashin ma'aikata da ribar kamfani.

A wannan misali, sai damar lalacewa ta kai ɗaya cikin huɗu kafin mai saye ya tashi ba riba ba asara, domin 150,000 rubu'in 600,000 ne. Kamfanin kuwa yana riƙe da tarihin dubban motoci, ya fi mai saye sanin wannan adadi, kuma ba zai yanka farashin da zai karya shi ba. Wannan ba ha'inci ba ne, haka kowace inshora take tafiya. Abin da mai saye yake biya shi ne kwanciyar hankali.

Abin Da Ƙananan Rubutu Suka Ɓoye

Yarjejeniyar garanti galibi takan cire kayan da suke ƙarewa da amfani, kamar taya, batir, fulogi da takalmin birki, alhali su ne suka fi kai mota gareji. Takan cire ɓarnar da hatsari, ambaliya ko gurɓataccen mai suka jawo. Masu motoci ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol, injuna suka yi ta lalacewa. Haka kuma akan shar'anta cewa a riƙa yin juyen baƙin mai a garejin da kamfani ya amince da shi, a kuma ajiye rasit. Idan garejin yana Kaduna ko Kano, dole a sa kuɗin mai da ranar aikin da aka rasa cikin lissafi. Wanda ya kai motarsa wajen bakaniken unguwa a Sabon Gari yana iya rasa garantin gaba ɗaya, haka ma wanda ya sa ta haya.

Motocin Hannu

Bayan kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Peugeot a 1975, an yi zamanin da ma'aikacin gwamnati yake karɓar rancen mota ya fito da 504 sabuwa fil. A yau yawancin motocin da ke bin titin Sakkwato ta gaban Jami'ar Ahmadu Bello 'yan Baljiyam ne ko na hannu, waɗanda da yawansu sun haura shekara goma, wato sun riga sun fara hawa bakin dama na ƙwarya. A nan ne garanti zai fi amfani, kuma a nan ne ya fi tsada da yawan sharuɗɗa.

A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof na Amurka, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya bayyana matsalar kasuwar tsofaffin motoci: mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Ya nuna cewa garanti yana daga cikin hanyoyin da mai kaya nagari yake bambanta kansa. Saboda haka dillalin da ya yarda ya rubuta alkawarin wata uku kyauta a kan inji da giya ya ba da shaida mai ƙarfi a kan motarsa. Wanda ya ƙi ma ya ba da tasa shaidar.

Kammalawa

Ƙa'idar ita ce a sayi kariya daga asarar da ba za a iya ɗauka ba, a ɗauki ƙananan asarori da aljihu. Idan lalacewar inji za ta jefa malamin nan na Zabi cikin bashin da zai taɓa abincin gidansa, kuma yarjejeniyar ta ambaci inji da giya da sunansu, garejin yana kusa, kamfanin kuma sananne ne, to biyan yana da hujja. In ba haka ba, ya fi masa ya biya amintaccen bakanike ya duba motar kafin ciniki, sannan ya ajiye kuɗin a asusu na gyara. In motar ta lalace, ga abin gyara. In ba ta lalace ba, kuɗinsa na nan.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin kaza da mota. Jikin mai rai yana gyara kansa: ƙashi ya karye ya haɗe, jajayen ƙwayoyin jinin mutum kuma ana sabunta su bayan kimanin kwana 120. Mota ba ta da wannan baiwa. Juye a kan lokaci, sauya matatar iska bayan ƙurar hunturu da duba ruwan lagireto su ne suke faɗaɗa gindin ƙwaryarta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Aiki Domin Ɗalibai

1. A misalin da ya gabata, idan motoci 30 ne suka lalace, nawa kamfani zai kashe, kuma wa ya ci riba?

2. A tambayi wani mai kiwon kaji adadin da ya rasa kowane mako, a zana jadawali, a kwatanta shi da siffar ƙwarya.

3. A nemi takardar garantin wayar hannu ko janareto, a lissafa abubuwan da aka cire daga cikin alkawarin.