Noman Gwaza a Lambu

Ƴan'uwa manoma na Dawce da kewaye, darasinmu na yau a kan gwaza ne, wanda wasu ke kira makani. Asalinsa daga ƙasashen Asiya ne. A yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa nomansa a duniya.

Inda ya dace a shuka shi

Gwaza mai son ruwa ne. Yana ɗaukar wata 6 zuwa 9 kafin ya ƙosa, alhali damina a ƙasar Matamaye ba ta wuce wata 4. Saboda haka ba ya yi a jigawa. Wurinsa shi ne fadama, kamar fadamun Korama, ko lambu mai rijiya.

Yadda ake shuka

Ba a shuka gwaza da ƙwaya. Ƙananan ƴaƴan da ke manne da uwar a cikin ƙasa su ne iri. Ku zaɓi masu tauri, marasa ruɓa. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 10, ku zuba takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Ku sa irin, tsiron yana kallon sama. Ku bar santimita 60 zuwa 80 tsakanin rami da rami.

Kulawa

Kada ƙasa ta bushe. Ku cire ciyawa a wata 3 na farko, ku tara ƙasa a gindi. Idan ganye ya fara yin rawaya yana kwanciya, lokacin tono ya yi.

Akwai wata cuta mai ƙona ganyen gwaza. Ta ɓulla a Najeriya a shekarar 2009, ta yi ɓarna mai yawa. Tana bin iri, tana kuma yaɗuwa da ruwan sama. Kada ku karɓi iri daga lambun da ta kama. Idan kun ga ɗigo mai ruwan ƙasa yana faɗaɗa a ganye, ku tsinke ganyen ku ƙona shi. Rigakafi ya fi magani.

Lafiyar iyali

Gwaza yana ba jiki ƙarfi. Amma ɗanyensa yana da wasu ƙananan tsinke da ido ba ya gani. Su ne ke kawo ƙaiƙayi da kumburi a baki da maƙogwaro. Uwargida, ki dafa shi har ya yi laushi. Ganyen ma sai an dafa shi sosai. Ki ajiye ɗanyen inda yara ba za su kai ba.