Gubar jini ga yara: alamu uku da ake ƙidayawa

Darasinmu na yau a kan gubar jini ne, wadda likitoci ke kira sefsis. Tana samuwa ne idan ƙwayoyin cuta sun shiga jiki, ta huhu ko ta hanji ko ta cibiyar jariri, jikin kuma ya tashi yaƙi da su har yaƙin ya ɓata huhu da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2017 wannan cuta ta kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 kusan miliyan 3.

A karkarar Dannet, inda makiyaya ke zaune nesa da likita, kai yaro Arlit tafiya ce mai tsada. Saboda haka tilas iyaye su san yaron da ba zai iya jiran gobe ba.

Yadda ake ba da maki

Likitoci suna ba kowace alamar hatsari maki, su tara. Yawan maki, yawan hatsari. A shekarar 2009 aka fito da wani ma'auni mai sunan garin Lambarene na ƙasar Gabon, bayan binciken dubban yaran Afirka masu zazzaɓin cizon sauro. Daga baya aka gwada shi a Yuganda ga masu wasu zazzaɓi, ya yi amfani. Ba ya bukatar na'ura. Alamunsa uku ne, kowace maki 1:

1. Suma: a kira yaro, a mintsine shi, bai farka ba.
2. Galabaita: ya kasa zama da kansa, ko jariri ya kasa kama nono.
3. Numfashi mai zurfi: yana jan iska da ƙarfi daga can cikin ƙirji.

Mai maki 3 ya fi kowa shiga hatsarin mutuwa, shi za a fara dubawa. Amma ko maki 1 ya isa a nemi mota nan take. Maki ba hukuncin mutuwa ba ne, gargaɗi ne na a gaggauta.

Abin lura

Rashin maki ba ya nufin yaro ya tsira. Jijjiga, ko amai da duk abin da ya sha, ko sanyin hannuwa da ƙafafu, su ma alamun hatsari ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba, da zarar jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, a kai shi likita.

A kan hanya a ci gaba da ba shi nono muddin yana iya haɗiyewa. Kada a ɗura ruwa ko jiƙo ga yaron da ya suma. A lulluɓe shi saboda sanyin dare.

Tambayoyi

Waɗanne alamu uku ne ake ba maki? Maki nawa ne ya isa a kama hanya? Ku tattauna a ajin yaƙi da jahilci, ku kuma sanar da maƙwabta.