Amsoshin Tambayoyinku: Jagorancin Wasan Dungeons & Dragons

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya, yaya ake jagorantar wasan Dungeons & Dragons a duniyar Forgotten Realms?

To malam, wannan duniyar almara Ed Greenwood ɗan Kanada ne ya ƙago ta, kamfanin TSR ya buga ta a 1987. Jagora kamar mai tatsuniya yake, sai dai masu sauraronsa su ne jaruman labarin. Idan ɗan wasa ya ce zai haura ganuwar birnin Waterdeep da ke cikin wannan duniyar, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska 20, a haɗa lambar da ƙwarewar jaruminsa, a ga ko ya tsallake ko ya rikito.

Kada ka ce sai ka haddace littattafan wannan duniyar, sun yi yawa. Ɗauki gari guda da mugu guda, ku fara.