Ranar da Bitrus Ya Janye Hannunsa Daga Kwano

Karatu: Galatiyawa 2:11-21, 3:1-5
Ayar haddacewa: Galatiyawa 2:20

Da yawa cikinmu mun ɗauki bishara kamar ƙofar gida. Ta nan muka shigo ranar da muka tuba muka ba da ranmu ga Yesu, daga nan sai mu bar ta ga waɗanda ke waje, mu kuwa mu wuce neman abin da muke kira "abubuwa masu zurfi": baiwar Ruhu, annabci, addu'ar yaƙi, buɗewar hanya. Dukansu suna da wurinsu. Amma ka lura, da Manzo Bulus ya ce yana ɗokin zuwa Roma ya yi wa'azin bishara (Romawa 1:15), mutanen da yake rubuta wa masu bi ne, waɗanda labarin bangaskiyarsu ya riga ya bazu. Korintiyawa ma, da ba su rasa ko baiwa ɗaya ba (1 Korintiyawa 1:7), a sura 15 sai da ya sake tuna musu cewa Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku. Me ya sa za a maimaita wa tsoffin masu bi abin da suka ji tun ranar fari? Karatunmu na yau ya ba da amsa.

Antakiya babban birni ne a mulkin Roma, garin yana nan har yau a kudancin ƙasar Turkiyya. A can aka fara kiran almajirai Kirista (Ayyukan Manzanni 11:26). Ikkilisiyar garin gauraye take, Yahudawa da al'ummai. Mu yau wannan ba ya ba mu mamaki, amma a wurin Bayahude na zamanin, zama cin abinci da marar kaciya abu ne mai nauyi ƙwarai, don tun yana yaro aka koya masa abin da ke da tsarki da abin da ke ƙazantu. Duk da haka a Antakiya suna ci tare. Da Bitrus ya zo, shi ma ya zauna ya ci da su.

Bitrus kuwa ya fi kowa sanin dalili. Shi ne ya ga wahayi har sau 3 a kan soro a Yafa. Shi ne ya shiga gidan Karniliyas a Kaisariya, yana cikin magana Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai, suka yi magana da harsuna suna ɗaukaka Allah (Ayyukan Manzanni 10:44-46). Da 'yan'uwa a Urushalima suka tuhume shi kan cin abinci da marasa kaciya, ya tsaya ya kāre abin da Allah ya yi, har suka yi shiru suka yabi Allah. Wannan mutum ne, wanda ya yi wa'azi ranar Fentikos wajen mutum 3,000 suka tuba, da wasu baƙi suka iso daga wurin Yakubu, sai ya fara ja da baya. Yau ya ba da uzuri, gobe ya zauna a wancan gefe, har ta kai ya ware gaba ɗaya. Sauran Yahudawa suka bi shi, har da Barnaba, wanda shi da kansa ya je Tarsus ya ɗauko Bulus don su koyar da waɗannan mutane.

Ɗan'uwa, Bitrus bai canza koyarwarsa ba. Da ka tambaye shi a ranar yadda mutum yake samun ceto, da ya ba ka amsa daidai. Wurin zamansa kawai ya canza, kuma aya ta 12 ta faɗi dalilin a fili: tsoron mutane. Ka yi tunanin Bahelene da ya bar gumakan gidansu, danginsa suka juya masa baya, yana ganin manzon da ya ci da shi jiya yau ya kau da kai. Ba a ce masa komai ba, amma ya gane saƙon: jinin Yesu ya shigo da kai, sai dai har yanzu da sauranka kafin ka kai mu.

Duba yadda Bulus ya gyara shi. Yana iya cewa, "Bitrus, wannan rashin kirki ne," ko "Ka karya dokar ikkilisiya." Abin da ya gani ya fi haka. A aya ta 14 ya ce tafiyarsu ta kauce wa gaskiyar bishara. Wato bishara tana da layi, kamar igiyar da magini yake ja kafin ya ɗora bulo, kuma wurin zaman mutum a bakin kwano yana iya bin layin ko ya bar shi. Sai Bulus ya sake yi wa Bitrus wa'azin abin da ya riga ya sani: ni da kai Yahudawa ne, amma kiyaye Shari'a bai sa Allah ya karɓe mu ba, bangaskiya ga Almasihu ce. In haka ne, da wane mudu kake auna waɗannan?

Na taɓa kama kaina cikin irin wannan. Ranar bikin godiya ta kaka ce, bayan sujada aka fito da abinci. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ta kai ni inda 'yan yarenmu suke zaune. Da na ɗaga kai sai na ga kowace ƙabila ta yi nata da'ira, ga kuma wani saurayi da bai daɗe da karɓar Ubangiji ba, wanda aka kora daga gida saboda haka, yana tsaye jikin bango da kwanonsa shi kaɗai. Minti 30 kafin wannan dukanmu mun ɗaga hannu muna waƙa da murya ɗaya. Babu wanda ya ƙi yaron a zuciya, na tabbata. Amma abin da ya gani ke nan.

Wannan layi ba a bakin kwano kaɗai yake bi ba. Yana bi ta ranar da ɗiyarka ta kawo mai bi na gaske daga ƙabilar da gidanku ya raina. Yana bi ta zaɓen dattawan ikkilisiya, inda wani lokaci akan ƙirga yare kafin a duba hali. Yana bi ta wurin maƙwabcin da ba Kirista ba, wanda ka daina gaisarwa tun bayan wani rikici, alhali Almasihu ya mutu dominka tun kana maƙiyinsa (Romawa 5:10). Mai riƙe ɗan'uwa a zuci shekara da shekaru ya manta yawan bashin da aka yafe masa. Mai yin ƙarya a wurin aiki don kada ya faɗi a idon maigida ya manta cewa Wanda ya fi maigida ya riga ya karɓe shi. Kusan duk inda ka sami zunubi ya yi kaka-gida a ran mai bi, in ka tona, za ka tarar da wani sashe na bishara da bakinsa ya yarda da shi amma zuciyarsa ba ta riƙe ba tukuna.

Shi ya sa a sura 3 Bulus ya juya kan Galatiyawa da tambaya mai zafi. Ya tuna musu cewa sun karɓi Ruhu, an kuma yi al'ajibai a cikinsu, ta wurin jin bishara da gaskata ta, sa'an nan ya tambaye su ko da ƙarfin jiki za su ƙarasa abin da Ruhu ya fara. Mu da muke ƙaunar aikin Ruhu Mai Tsarki, wannan tambaya tamu ce. Azumi yana da kyau, addu'ar dare tana da kyau, zakka da baiko wajibi ne mu bayar da farin ciki. Amma da zarar mutum ya fara ƙirga su a matsayin abin da ya sa ya fi na kusa da shi a gaban Allah, ya koma teburin da Bitrus ya koma. Ruhun da ya sauko a gidan Karniliyas ya sauko ne ana cikin maganar gafarar zunubai ta sunan Yesu, kuma ta wannan magana yake ci gaba da girmar da mu. Ayar haddacewarmu ma daga bakin wanda ya yi shekaru cikin hidima ta fito, ga shi har lokacin abin da yake rayuwa a kai shi ne Ɗan Allah ya ƙaunace shi ya ba da ransa saboda shi.

Nassi bai faɗa mana abin da Bitrus ya amsa a ranar ba. Mun dai san a taron Urushalima ya tashi ya ce Yahudawa da al'ummai duk ta alherin Ubangiji Yesu ake cetonsu (Ayyukan Manzanni 15:11), a 2 Bitrus 3:15 kuma an kira Bulus ƙaunataccen ɗan'uwa.

Abin yi a wannan mako: Wane ne a ikkilisiyarku ba ka taɓa cin abinci da shi ba, ba ka kuma taɓa taka ƙofar gidansa ba? Ka tambayi kanka dalili a gaban Ubangiji, ka faɗi gaskiya. Zumunci a ƙafa yake, kafin Lahadi mai zuwa ka je, ko ka gayyato shi.

Addu'a: Ya Uba, na gode da ka karɓe ni saboda Yesu. Ruhu Mai Tsarki, ka nuna mini inda tsoron mutane ya janye hannuna daga 'yan'uwana, ka ba ni ƙarfin hali in koma in zauna tare da su. Cikin sunan Yesu, amin.