Yadda Ake Sassaƙa Fuskar Mutum a Jan Ƙarfe

Ɗauki sabuwar ɗari biyu, irin wadda ake miƙa wa mai shayi a tashar Sabon Birni ko a kasuwar Isa, ka shafa yatsa a kan rawanin Sardauna. Za ka ji ɗan kaushi. Kawo ta kusa da ido, za ka ga siraran layuka ne da ɗige-ɗige ba iyaka suka haɗu suka zama fuska. Wannan sana'a ta girmi kyamara nesa ba kusa ba, ita ce kuma ta shigar da fuskar Jonathan Swift gidajen da bai taɓa takawa ba.

Swift, wanda aka haifa a 1667 ya rasu a 1745, limamin Kirista ne, shugaban majami'ar St Patrick ta Dabilin tun 1713, gwanin zambo da habaici ga masu mulki. Shi ya wallafa Gulliver's Travels a 1726. Abokinsa Charles Jervas ya zana shi da fentin mai, Francis Bindon ma ya zana shi a 1735. To amma kowane hoton fenti ɗaya ne tak, yana rataye a ɗakin mai shi. Da George Faulkner ya buga tarin rubuce-rubucen Swift a Dabilin a 1735, hoton da George Vertue ya sassaƙa ne aka sa a gaba.

Ga yadda ake irin wannan sassaƙa. Da farko a samu farantin jan ƙarfe, a buge shi da guduma ya miƙe, a goge da gawayi da mai har ya yi sheƙi kamar madubi. A shafa masa kakin zuma kaɗan, a kwafo siffar hoton a kai, amma a birkice, dama ta koma hagu, don idan an buga ta dawo daidai.

Sannan a shiga ainihin aikin. Makamin ɗan guntun ƙarfe ne mai tsini, da ƙotar itace mai zama cikin tafin hannu. Tura shi gaba ake yi, ba a ja. Yana tafiya, siririn zaren ƙarfe na nannaɗowa a bakinsa. Farantin yana bisa wani matashi na fata cike da yashi, in an zo lanƙwasa sai hannun hagu ya juya farantin, makamin yana nan inda yake. Babu launi a wannan aiki, layi ne kawai. Baƙar rigar limanci ana fitar da ita da layuka masu zurfi, a matse, wasu sun gitta wasu. Goshi da kumatu kuwa sai gajerun layuka da ɗige-ɗige marasa nauyi. Inda haske ya sauka, a bar ƙarfen yadda yake. Ido shi ne abin tsoro: tsinin ya zarce kaɗan, mutum ya koma wani daban. Mu Gobirawa ba sai an gaya mana ba cewa layi a fuska shaida ne, shi ya sa nake girmama hannun da ke yin wannan aiki makonni, har watanni, bai yi rawa ba. Wanzami in askarsa ta kauce shi ke nan. Mai sassaƙa yana da 'yar mafita: ya bubbugo wurin ta baya, ya goge, ya sake.

In an gama, a ɗumama farantin, a cusa tawada mai kauri ta kunkunniya da dafaffen mai cikin ramukan. A share da ƙyalle, a ƙarasa da tafin hannu da aka shafa wa alli, har tawadar ta rage a cikin layukan kaɗai. A ɗora takarda mai danshi, a lulluɓe da bargo, a murza tsakanin manyan gangunan injin matsa. Takardar ta nutse cikin ramukan ta tsotso tawadar, shi ya sa take tudu-tudu a yatsa.

Kowane bugu ɗaya sai an sake wannan shafawa da sharewa daga farko. Jan ƙarfe kuma yana da laushi, yana cinyewa a hankali, don haka bugun farko-farko sun fi fitowa raɗau, su masu tara hotuna suka fi nema. A ƙasan hoto akan rubuta suna biyu da ƙananan haruffa: na mai fenti a hagu, na mai sassaƙa a dama.